Amsa: Laftof na sandarewa bayan rufe manhajar bidiyo

Malam, sannu da haƙuri. Ka ce da ka rufe manhajar kallon bidiyo sai laftof ɗinka ta sandare, ko linzami ba ya motsi. Tawa ta yi mini haka a nan Gombe, ashe direban hoto ne ya tsufa, wato manhajar da ke sarrafa abin da allo ke nunawa.

Idan ta sake yi, danna maɓallan Windows, Ctrl, Shift da B tare. Allon zai yi ƙiftawa ɗaya, direban ya farfaɗo. Daga nan ka sabunta shi. In VLC kake amfani da ita, shiga Preferences, sashen Input/Codecs, ka kashe Hardware-accelerated decoding.

Don Allah kuma ka daina ɗora ta kan katifa. Da zafin garin nan da ƙurar hunturu, fankarta toshewa take yi, sai ka ji gindinta kamar dutsen guga.