Baje Kolin Siffofin Ƙwayar Zarra

Tambaya: Ina koyar da kimiyya a wata makaranta a unguwar Zengo, Damagaram, kuma ɗalibaina suna son shirya baje kolin siffofin ƙwayar zarra (atom), wato yadda masana kimiyya suka kwatanta ta. Ta ina za mu fara, alhali kuɗinmu kaɗan ne?

Amsa: Malama, ku jera siffofin bisa tarihi, domin mai kallo ya ga yadda kowace ta gyara wadda ta gabace ta. Dunƙulen yumɓu ya isa siffar Dalton, wanda ya ɗauki zarra a matsayin dunƙulalliyar ƙwaya. Ta Thomson, wanda ya gano ilektaron (ƙanƙanin ɓangaren zarra mai cajin lantarki) a 1897, yankakkiyar kankana ce da 'ya'yanta a warwatse cikin tsoka a matsayin ilektaron.

A ganina, siffar Rutherford ta 1911 ce ta cancanci wuri mafi faɗi, domin ita ta nuna cewa kusan dukan nauyin zarra yana cikin ƙanƙanuwar cibiya, sauran kuwa fili ne. Ku ajiye ƙwayar gero guda a kan faifai, ku rubuta cewa idan ita ce cibiyar, faɗin zarrar zai kai na filin ƙwallo.

Ta Bohr kuwa, ta 1913, zobban waya kewaye da cibiya da duwatsun ado a matsayin ilektaron sun wadatar, amma ku bayyana cewa kwatanci ne kawai.