Magini ya gama gida amma da ƴan gyare-gyare, zan iya riƙe cikon kuɗinsa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Na ba wani magini kwangilar gina min gida, mun yi yarjejeniya a rubuce cewa sai ya gama zan ba shi ragowar kashi ɗaya cikin uku na kuɗin. Ya gama har na tare, amma ƙofa ɗaya bata rufuwa da kyau, fentin falo ba kalar da na ce ba ne, kuma tayil ɗin banɗaki wasu sun tsage. Na ce masa ba zan ba shi ko sisi ba tunda bai cika aiki ba. Wani abokina lauya ya ce in muka je kotu ni za a kayar, wai akwai ƙa'idar da ta ce in mutum ya cika gundarin aiki dole a biya shi. Malam wannan ba dokar Turawa ba ce kawai? Meye hukuncin shari'a?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa bai halatta ka riƙe cikon gaba ɗaya ba. Abin da ya halatta maka shi ne ka cire daidai kuɗin gyaran abubuwan nan uku, ka miƙa masa saura.

Bari mu fara da maganar abokinka, don gaskiya ya faɗa maka. A dokar Ingila da ƙasashen da suka gaje ta, asalin hukuncin mai tsauri ne, in an yi da kai sai ka gama za a biya ka toh sai ka gama ɗin. A 1795 an yi shari'ar wani ma'aikacin jirgin ruwa mai suna Cutter, an yi masa alkawarin zinare 30 in ya yi aiki daga Jamaika har Liverpool, Allah ya yi masa rasuwa a teku saura kwana 19 su isa, matarsa ta nemi ladan abin da ya yi, kotu ta ce babu ko kwabo. Su kansu alƙalan nasu daga baya sun ga abin ya yi nauyi sai suka sassauta. A 1952 a shari'ar Hoenig da Isaacs, an ba mutum aikin ƙawata gida a kan fam 750, mai gida ya biya 400 ya riƙe saura saboda aibi, da aka ƙiyasta gyaran sai aka ga bai kai fam 56 ba, kotu ta ce a cire wannan a ba shi cikonsa. Amma a 1972 wani Bolton ya sa na'urar ɗumama gida a kan fam 560, na'urar bata ɗumama gidan yadda ya kamata ga kuma hayaƙi, gyaranta fam 174, shi kotu ta hana shi komai domin abin da aka ɗauke shi dominsa bai samu ba. Kaga ma'aunin nasu kenan, shin manufar aikin ta samu, kuma nawa ne gyara in aka gwada shi da kuɗin kwangila.

Toh kasancewar alƙalin Ingila ne ya faɗi magana baya mayar da ita ɓata, mu abin da muke dubawa shi ne ta dace da nassi ko ta saɓa. Kuma malamanmu sun tattauna wannan mas'ala tun kafin waɗannan kotunan su kai gare ta.

Hujjarka ita ce faɗin Allah a farkon Suratul Ma'ida, "ku cika alkawura", da hadisin cewa Musulmi suna kan sharuɗɗansu. Hujja ce mai ƙarfi, ban raina ta ba. A mazhabar Malikiyya ma akwai nau'in ciniki da ake kira ju'ala, wato a ce duk wanda ya yi kaza yana da kaza, kamar mai neman dabbar da ta ɓace, Ibn Abi Zaid a cikin Risala ya ce ba shi da komai sai da kammala aiki, haka ya ce mai jirgin ruwa ba shi da kuɗin haya sai ya isar da kaya. Amma ka lura da dalili, wanda ya nemi raƙumi bai gani ba bai amfane ka da komai ba. Shi ya sa Shaihu Khalil a Mukhtasar ya yi togaciya, in wanda ya ba da aikin ya ɗauko wani ya ƙarasa, na farkon yana da rabonsa gwargwadon abin da aka biya na biyun, saboda an ci moriyar guminsa. Kai kuwa ba ma ƙarasawa ake magana ba, kana kwana a cikin gidan, iyalinka suna ciki, ruwan sama baya dukanku.

Sannan malaman Malikiyya sun kasa aibin gida kashi uku a babin ciniki: ɗan kaɗan da baya rage daraja, wannan babu komai a kansa, matsakaici wanda mai saye baya mayar da gida saboda shi sai dai a rage masa ƙimar aibin, kamar tsagewar bango da ba a jin tsoron faɗuwarsa, sai kuma babba wanda ke ba da damar warware ciniki. Ƙofa da fenti da tayil, a ganina duk a na tsakiya suke. In ka riƙe sulusin kuɗin gida saboda su ka shiga cikin faɗin Allah a bakin Annabi Shu'aibu, "kada ku tauye wa mutane kayansu". Kuma wallahi hadisin da ya fi ba ni tsoro a nan shi ne na Bukhari daga Abu Huraira, Allah ya ce mutum uku shi ne abokin husumarsu ranar ƙiyama, cikinsu akwai wanda ya ɗauki ma'aikaci ya karɓi aiki daga gare shi bai ba shi ladansa ba.

Shi ma maginin ba a wanke shi ba fa. In da gangan ya canja fenti don ya samu mai araha ya soke ragowar a aljihu, wannan ha'inci ne yana da zunubinsa, kuma sake fentin a kansa yake. Da kuma aibin a harsashi yake ko rufin yana yoyo har gidan baya zaunuwa, ko ya watsar da aiki a tsakiya ya tafi, da amsar ta canja.

Abin yi, ka fara ba shi dama ya zo ya gyara da kansa cikin lokacin da kuka yanka. In ya ƙi ko ya kasa, ku samu mutum biyu amintattu masana gini, ba ƴan'uwanka ba kuma ba yaransa ba, su ƙiyasta gyaran, ka cire wannan ka biya shi saura ba tare da ja masa rai ba, don jinkirin mai hali zalunci ne kamar yadda ya tabbata a hadisi. Abin da baku da saɓani a kansa ma kada ka jira ƙiyasi, ka ba shi tun yanzu.

Wallahu a'alam.