Tambaya da Amsa: Na'urar Lantarki da Yaron da Karatu Yake Yi wa Wuya

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni uwa ce mazauniyar Jidda. Ɗana yana da shekara 9, yana da wayo, kuma yana haddace sura da zarar an biya masa ita da baki, amma idan aka ɗora masa littafi sai ya riƙa jan kalma ɗaya bayan ɗaya, yana rikita haruffa masu kama da juna. An gwada shi, an ce yana da disleksiya, wato lalurar wahalar koyon karatu. Kwanan nan wata 'yar uwata ta turo mini bidiyo a WhatsApp na wata na'ura da ake ɗaurawa a kai, wai tana tura wutar lantarki cikin ƙwaƙwalwa ta buɗe wa yaro karatu. Shin gaskiya ne, kuma kuna ganin in saya masa?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Hajiya. Allah ya raya miki shi, ya saka miki da alheri da kika tsaya aka gwada shi da wuri, domin yara da dama masu wannan lalura sukan girma ana kiran su daƙiƙai ko malalata, alhali ba su da ko ɗaya daga ciki. Shawarata ita ce kada ki sayi na'urar, kuma kada ki yarda a ɗaura masa ita a gida. Sai dai tunda akwai bincike na gaske a bayan abin da aka nuna miki, haƙƙinki ne in bayyana miki inda binciken ya tsaya da inda masu talla suka ɗora nasu.

Disleksiya ba ciwon ido ba ce, kuma ba ƙarancin basira ba ce. Tun a shekarar 1896 wani likita a Ingila mai suna Pringle Morgan ya rubuta bayanin wani yaro ɗan shekara 14, mai hazaƙa a tsakanin tsaransa, wanda karatu kaɗai ya gagare shi. Ana ƙiyasta cewa tana shafar yara 5 zuwa 10 cikin 100, kuma takan bi jini a cikin dangi. Tushenta a wurin mafi yawansu shi ne wahalar rarrabe sautukan da ke cikin kalma da kuma haɗa kowane sauti da harafinsa. Hotunan ƙwaƙwalwa sun nuna cewa a lokacin karatu wasu sassa na ɓangaren hagu, wajen saman kunne da bayansa, ba sa aiki da ƙarfi irin na sauran masu karatu, kuma daga nan ne tunanin zaburar da waɗannan sassa da lantarki ya taso.

Hanyar da aka fi gwadawa, wadda ake taƙaita sunanta da tDCS a Turance, ita ce a ɗora soso biyu da aka jiƙa da ruwan gishiri a fatar kai, a bar wata 'yar ƙaramar wuta, miliamfiya 1 zuwa 2 a ma'aunin ƙarfin lantarki, ta ratsa tsakaninsu na kimanin minti 20. Wasu masana biyu a Jami'ar Gotingen ta Jamus, Nitsche da Paulus, su ne suka farfaɗo da ita a shekarar 2000. Ta sha bamban da jona wutar da ake yi wa masu tsananin ciwon damuwa a asibiti bayan an sa musu maganin barci, wadda ƙarfinta ya ninka wannan sau ɗaruruwa. Wannan 'yar wutar ba ta zuba wa yaro ilimin komai. Iyakar aikinta shi ne ta ɗan sauƙaƙa wa jijiyoyin da ke ƙarƙashin soso ɗaya amsa saƙo, ta ɗan nauyaya wa waɗanda ke ƙarƙashin ɗayan. Kamar ban ruwa ne a gona, idan ba a jefa iri ba babu abin da zai tsiro.

Gwaje-gwajen da aka fi ambata a kan yara an yi su ne a asibitin yara na Bambino Gesù da ke birnin Rum a Italiya. A wanda aka wallafa a 2016, yara da matasa 18 sun yi zama 18 na minti 20 cikin mako 6, ana koyar da su karatu a daidai lokacin da na'urar ke kansu. An kunna wa wasu wutar da gaske, wasu kuma an ɗaura musu ne kawai aka kashe ba tare da saninsu ba, domin a iya kwatantawa. Waɗanda suka samu wutar sun rage kuskure a kalmomin da ba a cika amfani da su ba, sun kuma ƙara sauri wajen karanta ƙirƙirarrun kalmomi marasa ma'ana da ake auna haɗa baƙi da su. A 2019 masu binciken sun ba da rahoton yara 26, inda suka ga ci gaban ya ɗore har wata 6. A Jami'ar Jeniba ta ƙasar Suwizalan kuma, a 2020, an gwada wata irin wuta mai kai-kawo sau 30 a daƙiƙa a kan manya 15 masu disleksiya, aka ga sun ɗan ƙara iya rarrabe sauti, amma tasirin bai daɗe ba.

Ina ɗaukar wannan aiki da muhimmanci, ina kuma fatan ya kai ga wani abin amfani. Amma ki dubi adadin mutanen, Hajiya: 18, 26, 15. Ba a tabbatar da magani ga miliyoyin yara da irin wannan adadi, musamman da yake ci gaban ya bayyana a wasu ma'aunai ne kawai, wasu gwaje-gwajen kuma sakamakonsu bai zo daidai da juna ba. Shi ya sa har yau hanyar tana matakin bincike, ba ta zama maganin disleksiya da likitoci ke rubutawa ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali game da amfani da ita a gida shi ne wani sakamako na waɗancan masu binciken na Rum: da suka juya wurin soson biyu, na hagu ya koma dama, kuskuren yaran a karatu ƙaruwa ya yi. Ke nan uwa mai kyakkyawar niyya tana iya mayar da ɗanta baya ba tare da ta sani ba. Ga shi ƙashin kan yaro bai kai na babba kauri ba, don haka wutar da ke isa ƙwaƙwalwarsa takan fi yawa, ƙwaƙwalwar kuma ba ta gama ginuwa ba. Ƙaiƙayi da jan fata da ciwon kai su ne illolin da aka saba gani, amma fata kan ƙone idan soson ya bushe ko na'urar ba ta da inganci, kuma masu bincike ba sa ɗaukar yaro mai farfaɗiya ko mai ƙarfe a kai.

Kuɗin da lokacin, ki zuba su a koyarwa, domin ita ce aka daɗe da tabbatar da amfaninta: koyar da sauti da harafi a fili, mataki bayan mataki, kaɗan-kaɗan a kullum, tare da maimaici mai yawa. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin tsarin makarantar allo na fara babbaƙu kafin a shiga farfaru a kan wannan hikima aka gina shi, sai dai yaro mai disleksiya yana buƙatar a daɗe da shi a kowane mataki, kuma ba tare da bulala ba ko kaɗan. Ki lura da nauyin da ke kan ɗanki: Hausa a gida, Larabcin Hijaz a unguwa, Larabcin littafi a aji, ga haruffa irin su ba da ta da sa waɗanda ɗigo kaɗai ya raba su, ga siffar harafi tana sauyawa a farkon kalma da tsakiyarta da ƙarshenta. Yayin da aka hau azuzuwa littattafai sukan janye wasulla, a bar yaro ya cinci fataha da kisira da rufu'a da kansa, don haka ki roƙi malamansa su ci gaba da ba shi rubutu mai cikakken wasali har ƙafarsa ta tsaya. Haddarsa baiwa ce, a yabe shi a kanta, amma a riƙa gwada shi da rubutun da bai taɓa ji ba, don kada hadda ta rufe matsalar.

Makarantun gwamnati da dama a Saudiyya suna da shirin masu wahalar koyo, wanda ake kira su'ubatut ta'allum, da malami na musamman da ɗakin da ake keɓe yaro na wasu darussa a mako. Ki kai wa hukumar makarantarsa takardar gwajin, ki nemi a rubuta masa tsarin koyarwa na kansa, a kuma duba ido da kunnensa idan ba a yi ba. Idan wata rana wata cibiya ta yi miki tayin wannan na'ura, ki tambayi ko tana da rajista da Hukumar Abinci da Magunguna ta Saudiyya, ko likitan ƙwaƙwalwar yara ne zai kula da zaman, da kuma ko gwaji ne da kwamitin ɗa'ar bincike ya amince da shi a rubuce. Duk wanda ya kasa ba ki waɗannan amsoshi, ko ya yi miki alƙawarin waraka cikin makonni, kada ki miƙa masa kan ɗanki.