Bambancin lokaci tsakanin Najeriya da dajin Amazon

Ka ce ƙaninka ya samu aiki a cikin dajin Amazon na Brazil, kana son sanin awa nawa ne tsakaninku. In a birnin Manaus yake, awa 5 ne, mu ne a gaba: ƙarfe 12 na rana a Kano, ƙarfe 7 na safe ne a wurinsa. In kuma ya nausa yamma, kamar Rio Branco a jihar Acre ko Tabatinga da ke bakin iyakar Kolombiya da Peru, awa 6 ne. Kada ka yi lissafi da agogon Brasiliya, babban birnin ƙasar, wannan awa 4 ne kawai, kuma a nan mutane da yawa suke ruɗewa. Tun 2019 Brazil ta daina sauya agogo da bazara, don haka lissafin ba ya canzawa.

Sai dai ɗan'uwa, a ganina agogo ba shi ne babbar matsalar ba. Tabatinga babu titin mota da ya haɗa ta da Manaus, sai jirgin sama ko jirgin ruwa da ke kwashe kwanaki a kan kogin Solimões, kuma tsakanin garuruwa sabis ɗaukewa yake yi. Ku sa ƙa'ida: shi zai turo saƙo in sun tsaya a gari, sannan ka kira. Bayan isha'i a nan ya fi, lokacin wajen ƙarfe 2 ko 3 na rana ne a can.