Ina da gidan saukar baƙi a Malali, wane intanet zan saka musu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da fulat mai ɗaki biyu da falo a Malali, nan Kaduna, ina bayar da shi haya na kwanaki. Yawancin baƙina 'yan biki ne, sai ma'aikatan da ke zuwa taro daga Abuja, da iyayen da ke zuwa yaye 'ya'yansu a NDA. Kusan duk wanda ya kira sai ya tambaya ko akwai Wi-Fi. Ɗana ya ce in saka Starlink da talabijin mai intanet da makulli mai lambobi. Sai na sayi waɗannan duka? Da wanne zan fara? (Wata mai karatu daga Malali)

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sa wa sana'a albarka.

Ki fara da wuta kafin ki zaɓi kamfani. Sau da yawa idan baƙo ya ce Wi-Fi ɗin gida ba ya aiki, wuta aka ɗauke, rauta, wato na'urar da ke rarraba Wi-Fi, ta mutu. Kafin maigadi ya tayar da inji, ita ma ta gama kamo sabis, an yi minti biyar, shi kuwa bawan Allah yana tsakiyar taro ta Zoom. Ko unguwannin da ke rukunin Band A, alkawarin da aka yi musu awa 20 ne a rana. Sa'ar da aka yi, rauta ba ta cin wuta, abin da take ja bai wuce na ƙwan fitila ɗaya ba, wajen wat 10. Akwai ɗan ƙaramin batir da ake haɗa mata, masu sayar da kayan waya suna ce masa mini UPS, yana riƙe ta awanni ba tare da ta ko ƙifta ba idan wuta ta tafi. A duba bayan rautar a ga bolt nawa take so, 9 ko 12, a sayo daidai da ita. Idan kina da sola da inbata, sai mai gyaran wuta ya mayar da soket ɗinta kan layin inbatar, shi ke nan.

Daga nan sai gwaji. Kada ki sayi komai don an ce a Barnawa ko Unguwar Rimi yana gudu, domin sabis yakan bambanta tsakanin layi da layi a unguwa ɗaya. Ki sa ɗanki ya shiga fulat ɗin da wayoyi masu layin MTN da Airtel da Glo, ya rufe tagogi, ya auna da manhajar Speedtest a falo da kuma cikin uwar ɗaka. Ya yi da rana, ya sake yi tsakanin ƙarfe takwas zuwa goma na dare, lokacin da kowa ya dawo gida ya hau waya. Awon daren shi ne na gaskiya. Idan wani layi yana ba da Mbps 20 zuwa 25 (ma'aunin gudun intanet ke nan) a wannan lokacin, ya wadatar da gida mai ɗaki biyu, tunda kallon fim mai kyawun hoto a Netflix kimanin Mbps 5 yake nema, taron bidiyo ma bai wuce haka ba. Ki kuma tambayi maƙwabta ko wayar faiba, wadda ake ja har cikin gida don kawo intanet, ta iso layinku. In ta iso kuma suna yabawa, ita ta fi kwanciyar hankali.

Starlink kuwa, intanet na tauraron ɗan'adam wanda ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, ba na kushe shi. Ga gidan gona ko sabuwar unguwa a bayan gari inda sabis ke wahala, babu kamarsa. Amma a tsakiyar Malali, a ganina, kuɗi ne za ki binne kafin buƙata ta zo. Na'urar kaɗai ɗaruruwan dubban naira ce, ga kuɗin wata ko da baƙo ko babu, ga shi tana jan wat 50 zuwa 100, wanda ɗan batirin can ba zai ɗauka ba. Tana son sararin sama ba tare da bishiya ta tare ta ba, kuma ruwan sama mai ƙarfi irin na watan Agusta yakan rage mata gudu. Ki bar shi sai in gwajin nan ya nuna duk layukan sun gaza.

Inda masu gidaje ke shan mamaki shi ne data. Fim mai kyawun hoto yana iya cinye gigabait 3 a awa ɗaya. 'Yan biki su sauka kwana huɗu, yara suna gaban talabijin awa shida kullum, an tashi da gigabait 72 ke nan, ba a ma lissafa wayoyin manya da ke tura bidiyon kamu da ɗaurin aure ba. Farashin data kuma ya hau tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. Tsarin da ake tallatawa da cewa ba shi da iyaka, a karanta sharuɗɗansa da kyau, yawanci akwai ma'aunin da in an kai shi sai a rage gudu. Ki raba kuɗin watan a kan kwanakin da gidan ke samun baƙi, ki zuba shi cikin kuɗin ɗaki. Baƙo ba ya son a ce masa ya biya na Wi-Fi daban.

Wani abu da nake so ki riƙe: layin da ke cikin rautar da NIN ɗinki aka yi masa rajista. In wani ya zare shi ya yi aika-aika da shi, ke za a fara nema. A kafe rautar a sama a tsakiyar gida, cikin ɗan akwatin katako mai kwaɗo da ramukan shan iska. Ban da na ƙarfe, yana toshe sigina, haka ma bayan talabijin. A canza kalmar sirrin shiga saitinta daga wadda ta zo da ita daga kamfani, a buɗe wa baƙi nasu Wi-Fi daban, a riƙa sauya musu kalmar bayan kowane baƙo ya tafi. A rubuta ta a kati da manyan baƙaƙe a ajiye kan tebur. Idan bangon bulo ya hana sigina kaiwa ɗaki, baƙo ya zaɓi sunan Wi-Fi ɗin gidan mai alamar 2.4G maimakon mai alamar 5G a jerin Wi-Fi, ta fi ratsa bango ko da ba ta kai ɗayar sauri ba.

Sauran kayan ba su da wuya. Talabijin mai intanet yana da amfani, amma kada ki bar asusunki mai haɗe da katin banki a kai, kuma mai shara ta duba ko baƙon da ya tafi ya fita daga nasa. Masu kallon ƙwallo har yanzu DStv suke tambaya. Soket kusa da gado, caja biyu, ɗan tebur da kujerar aiki, da adafta ga masu zuwa daga Amurka, waɗannan sun fi makulli mai lambobi faranta ran baƙo. Makullin ya jira, in ma an saka, a ajiye mabuɗi saboda ranar da batirinsa zai mutu. A sa wa talabijin da rauta abin kare su daga hawa da saukar wuta, musamman da damina.

Kyamara a bakin get kawai, kuma a faɗa wa baƙo akwai ta. Cikin gida kam a'a, ko a falo. Addini da al'ada sun hana leƙen sirrin mutane, kamfanin tallata masaukin haya na Airbnb ma ya haramta kyamarar cikin gida gaba ɗaya tun 30 ga Afrilun 2024.

A tallanki ki rubuta abin da kika auna: layi kaza, gudu kaza da dare, batir yana riƙe shi awa kaza in babu wuta. Sannan ki ajiye ƙaramar rautar tafi-da-gidanka (MiFi) ta wani kamfanin daban a hannun maigadi, a cike da caji da 'yar data, don ranar da babban layin zai yi gardama.