Fatawa: Manyan ɗalibai suna cin zalin ɗana a makarantar kwana, mahaifinsa ya ce ya yi haƙuri

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ɗana ne ɗan shekara 12 muka kai makarantar kwana bana, yana aji ɗaya. Da na je ranar ziyara na tarar ya rame, akwatinsa wayam, ba madara ba sukari ba garin kwaki. Sai da na matsa masa ya ce 'yan aji biyar da shida ne suke ƙwacewa, su sa shi wanki da ɗibar ruwa, in ya yi gardama su sa shi tsallen kwaɗo ko su zane shi. Yana da i'ina, sun laƙa masa suna a kanta, har 'yan ajinsu sun ɗauka. Ya roƙe ni kada in gaya wa kowa, wai za a ce masa munafiki kuma dukan zai ƙaru. Mahaifinsa ya ce shi ma haka aka yi masa, da haka ake zama namiji. Ƙanina kuma ya ce a koya masa ramuwa. Malam, shin yaran nan suna da zunubi, tunda an ce an ɗauke wa yaro alƙalami? Idan ya kai ƙara ya yi gulma? Ya halatta ya rama? Ni kuma in na je makarantar na saɓa wa mijina?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

'Yar'uwa, Allah ya shirya miki zuriya. Abin da ake yi wa ɗanki zalunci ne, kuma haramun ne. Kiran sa "al'adar makaranta" ko "horon siniya" ba ya canza masa hukunci. Abubuwa uku aka taɓa: jikinsa, dukiyarsa da mutuncinsa, kuma su ne ukun da Annabi (SAW) ya haramta a huɗubar hajjin bankwana, ya maimaita a hadisin Abu Huraira da Muslim ya ruwaito, cewa Musulmi gaba ɗayansa haramun ne a kan ɗan'uwansa Musulmi: jininsa da dukiyarsa da mutuncinsa. Hadisin bai ware ɗan aji ɗaya ba.

Zan fara da sunan da suka laƙa masa, domin shi ne mutane suka fi rainawa, alhali shi ne ya fi daɗewa a zuciyar yaro. Tabon bulala yakan warke kafin hutu, amma akwai dattijon da har yau in aka kira shi da sunan da aka sa masa a firamare sai fuskarsa ta canza. Allah ya ce a aya ta 11 ta Suratul Hujurati kada wasu mutane su yi wa wasu izgili, wataƙila waɗanda ake yi wa sun fi su alheri, kada ku aibata juna, kada ku jefi juna da miyagun laƙabai, sannan ya rufe ayar da cewa wanda bai tuba ba waɗannan su ne azzalumai. Abu Dawud da Tirmizi sun kawo cewa maganar laƙabi ta sauka ne a kan Banu Salima, inda mutum yakan kasance da suna biyu ko uku, a kira shi da ɗaya yana ƙi. To ina ga sunan da aka ƙera shi musamman don yi wa halittar Allah dariya? Ki gaya wa ɗanki, Annabi Musa ya roƙi Allah ya warware masa ƙulli daga harshensa, kamar yadda yake a Suratu Ɗaha, kuma wanda Alƙur'ani ya ambata ya yi masa gori da rashin bayyana magana shi ne Fir'auna, a aya ta 52 ta Suratuz Zukhrufi. Yaro ya san sahun da yake ciki, su ma masu yi masa dariya su san nasu. Haka Imam Ahmad ya ruwaito cewa Abdullahi ɗan Mas'ud ya hau itacen aswaki, iska ta bayyana sirantar ƙwaurinsa, mutane suka yi dariya. Annabi (SAW) bai bar ta ta wuce a matsayin raha ba, ya ce ƙwaurin nan biyu sun fi dutsen Uhudu nauyi a mizani.

Sai batun alƙalami. Hadisin ingantacce ne: an ɗauke alƙalami daga mai barci har ya farka, da yaro har ya balaga, da mahaukaci har ya warke. Amma a nan mutane suke yin kuskure biyu.

Na farko, waɗannan 'yan aji biyar da shida galibinsu ba yara ba ne a ma'aunin shari'a. Balaga tana tabbata da alamominta, kamar mafarki ga namiji da haila ga mace. Idan alama ba ta bayyana ba sai a koma ga shekaru: 15 a wurin Shafi'iyya da Hanabila, 18 a mashhurin mazhabar Malik. Saurayi ɗan shekara 16 ko 17 da ya fara aske gemu, yake azumin Ramadana, wani ma yana limanci a masallacin makaranta, mukallafi ne cikakke, wato hukuncin shari'a ya hau kansa. Kowace gwangwanin madara da ya ƙwata an rubuta, kowace bulala an rubuta. Ya kamata limaman makarantu su karanta musu hadisin matsiyaci da Muslim ya ruwaito, mutumin da zai zo ranar alƙiyama da salla da azumi da zakka, amma ya zagi wannan, ya ci dukiyar wancan, ya daki wancan, a yi ta ɗibar ladansa ana biya har ya ƙare, sannan a jibga masa zunubansu.

Na biyu, ko da mai cin zalin bai balaga ba, zunubi ne aka ɗauke masa, haƙƙin wanda ya cuta yana nan. Malamanmu sun ce abin da yaro ya lalata na dukiyar wani ana biya daga dukiyarsa. A kan rauni kuwa, Ibn Abi Zaid ya faɗa a Risala cewa gangancin yaro kamar kuskure ne: ba a yi masa ƙisasi, amma diyya tana kan danginsa na wajen uba idan ta kai sulusin cikakkiyar diyya, in ba ta kai ba sai a cikin dukiyarsa. Ke nan kalmar "ai yaro ne" ba ta rufe magana. Kuma alƙalamin da aka ɗauke wa yaro ba a ɗauke wa ubansa da malaminsa ba. Hasan ɗan Ali yana ƙarami ya ɗauki dabino ɗaya na sadaka ya sa a baki, Annabi (SAW) ya sa shi ya tofar. Dabino ɗaya fa, kuma jikansa.

Kai ƙara ba gulma ba ce, ba kuma munafunci ba ne. Allah ya ce a aya ta 148 ta Suratun Nisa'i ba ya son bayyana mummunar magana sai ga wanda aka zalunta. Imam Nawawi, da ya lissafa wurare shida da ambaton aibin mutum yake halatta, ya fara da kai kukan zalunci ga wanda zai iya ƙwato haƙƙi, ya bi da neman taimako don kawar da ɓarna. Akwai ƙissar da nake so ki ba ɗanki da bakinki. Zaidu ɗan Arƙam yana yaro ya ji Abdullahi ɗan Ubayyu yana cewa in sun koma Madina mafi ɗaukaka zai fitar da mafi ƙasƙanci. Ya gaya wa baffansa, magana ta kai ga Annabi (SAW). Ɗan Ubayyu ya zo ya rantse bai faɗa ba, aka ƙaryata yaron, ya zauna a gida cikin baƙin ciki. Sai Suratul Munafiƙuna ta sauka, Annabi ya aika aka kira shi ya ce Allah ya gaskata ka, ya Zaidu. Bukhari ya kawo ta. A ƙissar nan yaron da ya kai rahoto shi ne mai gaskiya, wanda ya yi laifi ya rantse ya musanta shi ne munafiki. Masu cin zali ne suka juya maganar a ɗakunan kwana, domin shirun ƙanana shi ne kariyarsu.

Wannan ya shafi sauran ɗalibai masu kallo, da masu dariya, da masu ɗauka a waya. Annabi (SAW) ya ce ka taimaki ɗan'uwanka ko shi ne azzalumi ko shi aka zalunta, ya bayyana cewa taimakon azzalumi shi ne a riƙe hannunsa. Wanda ya ɗauki bidiyo don ya nuna wa hukumar makaranta ya yi daidai. Wanda ya watsa shi a WhatsApp don a sha dariya ya shiga cikin laifin, ya ƙara wa wanda aka cuta tonon asiri.

Maganar ƙaninki tana da wani yanki na gaskiya. Ayoyi na 39 zuwa 41 na Suratush Shura sun yabi waɗanda in an zalunce su suke kare kansu, sun ce babu laifi a kan wanda ya ɗauki fansa bayan an cuce shi, tare da cewa wanda ya yafe ya gyara ladansa yana wurin Allah. Don haka ya halatta yaro ya kare kansa a lokacin da aka far masa, da mafi sauƙin abin da zai kawar da cutar: ya ɗaga murya, ya ture, ya gudu wurin malami. Ba a koya masa miƙa wuya. Amma haɗa gungu, ko kwanton ɓauna bayan abu ya wuce, ko ɗaukar reza da wuƙa, duk haramun ne, hukunci na masu iko ne. Kuma a hankalce, ɗan shekara 12 ba zai yi dambe da samari biyar ba. Ramuwar da nake jin tsoro ita ce wadda aka saba: ya haɗiye yau, in ya kai aji shida ya sauke a kan ɗan wani da bai san hawa ba bai san sauka ba. Da haka abin yake gadon kansa shekara da shekaru, alhali Allah ya ce rai ba ya ɗaukar laifin wani rai.

Shi kuwa maigida, Allah ya ƙara masa girma, ina ganin ƙauna ce ta sa ya faɗi haka, yana son ɗansa ya yi ƙwari. Amma bai dace da daidai ba. Haƙuri ana yin sa ne a kan abin da ba a da ikon kawarwa, ko kuma mai haƙƙi ya yafe don kansa bayan ya samu iko. Uban da yake da ikon ɗaga waya ya kira shugaban makaranta ba zai ɗora wa ƙaramin yaro haƙurin da aikinsa ne ya sauke masa shi ba. Hadisin Ibn Umar a Bukhari da Muslim ya ce Musulmi ba ya zaluntar ɗan'uwansa kuma ba ya miƙa shi ga mai cutar da shi. In haka ne ga ɗan'uwa, ɗan cikinka ya fi cancanta. Ƙwarin da ake nema ana samun sa ta tashin asuba, wanke kayan kansa, shara, cin abin da aka dafa wa kowa. Wulaƙanci kuwa Ibn Khaldun, wanda ya rasu a shekara ta 808 bayan hijira, ya yi bayani cewa wanda aka yi wa tarbiyya da tsanani da danniya yakan koyi ƙarya da makirci da kasala, domin tsoro yana koya masa nuna abin da ba shi ne a zuciyarsa ba. Ga shi kin fara gani: yaron da ba ya ɓoye miki komai yanzu sai da kika matsa.

Nauyi mafi girma yana kan makaranta, domin ta karɓi kuɗi ta karɓi amana, dare da rana. Abin da yake ba ni takaici shi ne malamai su miƙa wa manyan ɗalibai bulala su tafi gidajensu su kwanta. Malaman Malikiyya sun tattauna wannan tun da daɗewa. Muhammadu ɗan Sahnun na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan hijira, ya rubuta a littafinsa na ladubban malamai cewa abin so ne malami kada ya wakilta wani yaro ya daki yara, kuma shi kansa malamin kada ya wuce bulala uku sai da izinin uba. Wannan ya haɗa da tsangaya, inda gardi yake zane kolo a bayan idon alaramma, da Islamiyya, inda ake ba monita tsumagiya. Ɗalibi yana iya tsara layi ya rubuta sunan masu surutu. Hukunci ba nasa ba ne.

Abin da za ki yi: ki zauna da maigida cikin ladabi ki karanta masa wannan amsa. In ya ƙi, ki sa yayansa ko mahaifinsa ko limamin unguwa su yi masa magana. Sanar da makaranta wajibi ne a kansa, in ya bari ya koma kanki, kuma kiran shugaban makaranta ko turo ɗan'uwanki ba saɓon miji ba ne, domin ɗa'a tana cikin abin da yake ma'arufi. Ku nemi a ɓoye sunan yaron, a canza masa ɗaki, a dawo da abin da aka ƙwace ko ƙimarsa, a kira iyayen waɗancan. Iyayen nan kuma su ji tsoron Allah su bar "ɗana ba zai aikata ba" kafin su bincika. A hukunta masu laifi gwargwadon laifinsu ba tare da tozarci ba, domin sau da yawa su ma an yi musu ne.

Ki duba jikinsa da kanki, ki kuma tambaye shi a keɓe, cikin lallashi, ko akwai wanda ya taɓa neman sa da abin da bai dace ba, domin mai iya tilasta wa yaro wanki cikin dare yana iya tilasta masa abin da ya fi haka. In akwai rauni ko irin wannan, a je asibiti, a kai magana ga hukuma, ba a sasanta shi a ofis a rufe. In kuwa makaranta ta yi biris, ko aka ga cutar za ta ci gaba, cire shi ya zama wajibi ko da an yi asarar kuɗin zango, saboda ƙa'idar da Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa: babu cuta, babu cutarwa.

Wallahu a'alam.