Ko Wasiƙa Za Ta Iya Zama Gajeren Fim?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne mai koyon harkar fim, kuma na ci karo da wasiƙar da wani marubuci ya aika wa amininsa yana cikin tafiya, inda ya ba da labarin garuruwan da ya ratsa da kuma masoyiyar da ta kufce masa. Ina so in mayar da ita gajeren fim. Shin an taɓa yin haka, kuma ta ina zan fara?
Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. An taɓa yin makamancin haka, sai dai dogon fim aka yi, ba gajere ba. A watan Disamba na 1950 wani Ba'amurke mai yawan tafiye-tafiye, Neal Cassady, ya rubuta wa marubuci Jack Kerouac doguwar wasiƙa game da Joan Anderson, budurwar da ya so a birnin Denver kuma ya rasa ta saboda rashin natsuwarsa. Kerouac ya ce salon wasiƙar ne ya nuna masa yadda zai rubuta littafinsa On the Road, wanda ya fito a 1957. Wasiƙar ta ɓace shekaru da dama, amma daga ɗan guntun da ya tsira darakta Stephen Kay ya shirya cikakken fim a 1997, tare da 'yan wasa Thomas Jane da Keanu Reeves.

A ganina gajeren fim ya fi dacewa da wasiƙa, domin ƙarfinta yana cikin muryar mutum ɗaya da ke buɗe wa mutum ɗaya zuciyarsa, kuma da zarar an ja labarin an cusa masa sababbin mutane, wannan murya tana dushewa. Kada ka sa a karanta wasiƙar duka a kan hotunan tasha da titi. Ka zaɓi 'yan jimlolin da ido ba zai iya nunawa ba, kamar nadama da begen wadda ta tafi, ka bar wa kyamara aikin tafiyar. Masoyiyar kuwa, tun da ta bakinsa kaɗai muka san ta, ka rage fito da ita, ka kuma kiyaye mutuncinta idan tana raye.

Kafin ka ɗauki ko hoto ɗaya, ka nemi izini a rubuce. Ita takardar wasiƙar, mallakar wanda aka aika wa ce, amma kalmomin na marubucin ne ko magadansa. Da wasiƙar Cassady ta sake ɓulla, rikicin magadan ɓangarorin biyu ya sa an dakatar da gwanjonta a 2014, sai a 2017 Jami'ar Emory ta saye ta.